Gwadon Hansai a Ƙarƙashin Gada

Camberwell, Landan
Oktoba, 1977

'Yata Zinatu ta haihu! Namiji ne, Hansai, namiji, kansa cike da gashi kamar an shuka da farkon damina! An kuma sa masa sunana!

Kin ga ban ma gaishe ki ba. To, assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa zuwa ga taubashiyata kuma baiwata, tare da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Sakinatu da duk mutanen Bukuru. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi. Da hannuna nake rubuta miki, kin san tun da na gama ajin yamma na yaƙi da jahilci ban sake ba kowa aron bakina ba. In kin ga layi ya karkace, murna ce, ba tsufa ba.

Mai jego tana nan lafiya. Mijinta, Likita Nata'ala, bakinsa ya ƙi rufuwa. An yi suna a nan gidansu, ɗaki biyu da falo a saman bene. Jama'a sun cika har matattakala: ɗalibai, ma'aikatan gwamnati da suka zo kwas, da alhazan da suka zo sayayya da akwatuna kamar za su kwashe garin. Yanzu kuɗin mai ya sa Landan ta zama kamar Kasuwar Kurmi. Amma ɗanki Uwaisu, da aka turo karatun injiniya, ko ƙeyarsa ban gani ba. An aika masa kati zuwa masaukinsa na Lewisham, shiru. Zinatu ta ce rabonsu da shi tun bara. Kin haifi Bature, baiwata, ya fi ƙarfin sunan talakawa!

Bari ki ji abin dariya. Wani mahauci ɗan Pakistan ya yanka mana rago. Aka soya, aka ci, nama ya yi saura. Na ce a kai wa maƙwabta kamar yadda aka saba. Zinatu ta ce, "Baba, nan ba a haka." Na ce, "Ke da Allah, maƙwabci maƙwabci ne ko a ina." Na ɗauki kwano na bi ƙofa-ƙofa. Tsohuwar da ke ƙasanmu ta buɗe ƙofa kaɗan, da sarƙa a jiki, ta dubi rigata, ta dubi naman, ta yi godiya ta rufe. Na gaba ya zaci talla nake. Haka na dawo da kwanona cike, ina jin kunya.

Sai wata mata cikin masu taya mu aiki ta yi dariya ta ce, "Baba, kawo. Ni na san masu ci." Sunanta Kaneng, 'yar Birom ce daga Du, tana aiki a kicin ɗin asibitin su Zinatu. Mijinta Choji kwandastan bas ne. Ashe kowace Lahadi in an taso daga coci, ita da matan cocinsu sukan dafa babbar tukunya su kai ƙarƙashin wata gadar jirgin ƙasa ta wajen Old Kent Road. Mahaucin nan yana ba su ƙashi, wani mai burodi ɗan Jamaika yana ba su na jiya. Na ce sai na je na gani da idona.

Hansai, shekara talatin na yi a haƙar kuza ina cire wa Turawa hula. Ban taɓa zaton akwai Baturen da ke kwana a kan kwali ba. Ga su nan jere, maza tsofaffi da matasa, har da mata, sun cusa jarida cikin riga saboda sanyi. Jirgi na wucewa a samansu, ruwa na ɗiga. Suka ci naman jikana suna sa albarka da yarensu. Akwai wani tsoho ɗan Ailan, sunansa Bernard, wai da magini ne, yana ta karkarwa har cokali na faɗuwa daga hannunsa. Gwadon nan da kika miƙa mini a tashar mota, fari mai jan zare a gefe, yana kafaɗata. Na cire na lulluɓa masa. Ni ina da hita a ɗaki, shi ba shi da ko ƙofa. Kin samu lada ba da saninki ba, sai ki gode mini.

Daddawa da kukar da kika haɗo kuwa mun shanye su a miyar suna.

Ki gaida kowa.
Ubangidanki,
Maharazu

*

Bukuru
Nuwamba, 1977

Zuwa ga Malam Maharazu,

Bayan gaisuwa. Sakinatu ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Barka, barka, barka. Allah ya raya takwaranka, ya ba shi hankalin da kai ba ka samu ba. A gaida mai jego, a ce mata ta riƙa shan kunun kanwa ko da babu mai matsa mata. Kuma ka daina kirana baiwarka a takardar da yara ke karantawa. Wanda ya bi gidajen Turawa da kwano ai shi ne bawa.

Gwadon nan, ka ce wani tsoho ka ba. To. Allah ya karɓa. Wata biyu na yi a kansa, na ninka zaren saboda na ji an ce sanyin can yana shiga ƙashi. Akwai masu ƙirjin da ba ya son sanyi tun suna ƙanana.

Wannan unguwa da ka ambata, Lewisham, da nisa tsakaninku? Mota na zuwa?

Mutanen can sun daɗe ba su rubuto ba. Tun kafin damina. Wataƙila gidan waya ne.

Ana cewa masu karatu ba sa samun tuwo a ƙasar nan. Shi ya sa na haɗa da kuka da daddawa. Amma tunda an sha a suna, ba komai.

Nan an yi girbi, dankali ya yi kyau. Akuyar Sakinatu ta haifi biyu. Sai na ji daga gare ka.

Hansai

Baba, ni ce Sakinatu. Inna ta sa na karanta mata wurin maganar gwado sau biyu, sannan ta shiga ɗaki. Ban san ko wani abu ba ne.

*

Camberwell
Nuwamba, 1977

Baiwata,

Assalamu alaikum, da barka da Sallah. Takardarki ta iso, mun same ku lafiya. Takwarana ya fara murmushi. Zinatu ta ce iska ce a cikinsa, ni na ce ni ya gane.

Na ga kin yi fushi a kan gwado. Haba Hansai, rowa har da abin lada? Ki kwantar da hankalinki, ƙirjina ƙalau yake, Nata'ala ya saya mini kwat mai nauyi kamar buhun gero. Batun rashin rubutu kuwa na yi wa Zinatu faɗa sosai. Ta ce ki yafe mata, ciki ne ya sa ta gaba. Za ta rubuto.

Lewisham ba nisa, bas ɗaya ne. In sanyi ya lafa zan je in ja wa Baturenki kunne. Yanzu dai ba na iya rabuwa da yaron nan, ko masallacin Juma'a na je sai in ji kamar na bar wani abu a wuta.

Ƙarƙashin gada kuwa na zama ɗan gida, ni ke riƙe wa Kaneng kwandon burodi. Bernard yana ganina yake ɗaga gefen gwadonki yana kirana sarki. Sai dai Kaneng ba ta da walwala kwanan nan. Ta ce ɗaya daga cikin 'ya'yanta, haka take kiransu, ya daina zuwa. Wai wani saurayi ne baƙar fata marar magana, wanda yakan zo a ƙarshe bayan kowa ya watse. Tun ranar naman suna ba ta sake ganinsa ba. Kullum sai ta ajiye masa kwano a rufe, ta koma da shi gida. Na ce mata wataƙila ya samu aiki ne. Ta dube ni kawai ta ce, "Allah ya sa, Baba."

A shafa mini kan 'yan akuya.
Maharazu

*

Camberwell
Disamba, 1977

Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na jira amsarki ba ta zo ba, yanzu kuma na san dalili. Ki sa Sakinatu ta rufe ƙofa kafin ta karanta wannan, ki kuma zauna.

Uwaisu ba ya Lewisham. Yana da rai, an gan shi a watan Oktoba, amma yau ban san inda yake ba.

Zan faɗa miki yadda abin ya zo. Ran nan ina zaune a falo da takwarana a cinyata. Kin san Zinatu, duk zamanta nas a Landan, ba ta ɗaukarsa a gabana, ba ta kiran sunansa, ba ta ko kallonsa sosai, ɗan fari ne. Sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, hitar falon nan tana aiki kuwa?" Na ce tana yi. Can ta sake leƙowa. "Baba, kamar tagar nan a buɗe take." Na ce a rufe take. Na buɗe baki zan ce mata ni ba na jin sanyi, sai na ga inda idonta yake. Ƙafar yaron ce ta fito daga zani. Ba ni take tambaya ba.

Hansai, a wurin na gane. Na kwantar da yaron, na ɗauko takardarki na sake karantawa. Masu ƙirjin da ba ya son sanyi. Mutanen can. Masu karatu. Kowane layi ɗanki ne, ni kuwa na karanta na ga kaina. Na tuna tashar mota, mutane cike, kika miƙo mini gwado kina kallon ƙasa kika ce, "Na ji ana sanyi a can." Me kuma za ki ce a gaban jama'a? Ni da na girma a gidan da kika girma, ni da uwata ta mutu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Na koyi karatun takarda da furfura, na manta karatun da aka haife ni da shi. Har ina yi miki ba'a wai kin haifi Bature.

Ranar na hau bas zuwa Lewisham. Mai gidan da yake haya ta ce ya tashi tun kafin bazara. Jarrabawa ce ta ƙi masa har sau biyu, aka tsayar da tallafin karatunsa. Ta ce ta yi masa haƙuri iyakar iyawarta, wata safiya ta tarar ya ajiye makulli a kan tebur ya tafi da jaka ɗaya. Katin sunan da muka aika yana nan a bakin tagarta, ba a buɗe ba.

Daga can gidan Choji na nufa, don shi ya san gari. Na tarar da Kaneng tana tuƙa tuwo. Ina ambatar sunan, muciya ta faɗi daga hannunta.

Ta ce, "Baba, Uwaisu na Bukuru? Dogo, mai tabo a gira?"

Na ce, "Shi ne. Ɗan taubashiyata ne."

Ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Wayyo Yesu. Shi ne yaron da nake ajiye wa kwano. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa Hausawa ba. Ya ce gara ya mutu a titi da a kai labari gida an ce ya faɗi. Ban san naku ba ne, Baba, da na karya alkawarin, Allah ya yafe mini daga baya."

Wata da watanni matar nan tana ciyar da jininmu. Choji ya ba shi takalmi, ya sha roƙonsa ya zo ya kwana a falonsu, ya ƙi. Mu kuwa muna can saman bene muna cin rago, muna cewa ya yi girman kai.

Saura mafi nauyi. Muka je wurin Bernard, Choji yana yi mana tafinta. Ya ce ranar da na ba shi gwado, bayan mun tafi, yaron ya zo. Yana ganin gwadon ya tsaya cak. Ya kama gefen jan zaren, ya kai hancinsa, ya daɗe a haka. Ya tambayi wanda ya kawo. Bernard ya ce wani tsoho ne mai babbar riga daga Najeriya. Sai ya ɗauki jakarsa ya tafi, ko abincin bai ci ba. Ya gane saƙarki. Ya zaci an turo ni nemansa ne in kai shi gida da kunya.

Kin gani. Gwadon da kika saƙa masa na ba wani, da shi kuma na kore shi daga tukunya ɗaya tak da yake ci a garin nan. Yanzu ruwa yana daskarewa a kan titi da safe.

Muna nema. Nata'ala yana bin asibitoci, Choji ya faɗa wa kwandastoci da direbobi. Ni ina bin tashoshin jirgi da gadoji har ƙafata ta kumbura. Amma Kaneng ta ce, "Baba, wanda ke gudun rigarka ba za ka same shi da rigarka ba." Gaskiyarta.

Ba na iya ɗaukar takwarana yanzu ba tare da na tuna naki ba. Ba na neman ki yafe mini tukuna. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Maharazu

*

Bukuru
Janairu, 1978

Maharazu,

Muna lafiya. Takardarka ta iso.

Ban amsa ta baya ba don ban san yadda zan ƙara faɗa ba. Na faɗa iyakar yadda aka koya mini. Na yi fushi da kai, har yanzu da saura. Amma na kwana ina tunani, laifin namu ne mu biyu: ni na ƙi faɗa, kai ka ƙi ji. Shekara ashirin da shida ina kewaya yaron nan kamar rijiya. Ranar da zai tafi ma ban raka shi ƙofa ba, ina bayan ɗaki ina jin tashin motar. Wataƙila shi ya sa ya zaci takardar makaranta nake jira.

To, kunya ta ishe ni haka. Sakinatu, rubuta yadda na faɗa.

Uwaisu. Uwaisu ɗana. Ni Hansai uwarka nake kiranka. In karatu ya ƙi, ya ƙi. Ni ban haifi takarda ba, kai na haifa. Ka fito daga sanyi.

Maharazu, ka kai masa wannan ko ta wane hali. Matar nan Kaneng da mijinta, ka ce musu ba ni da bakin godiya. Tsohon da ke da gwado kuma kada ka karɓe masa, kyauta ba ta komawa.

Hansai

Baba, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba sai yau. Sai da ta sha ruwa kafin ya fito. Don Allah ku same shi.

*

Camberwell
Fabrairu, 1978

An same shi! Hansai, an same shi, yana nan, yana barci a ɗakina yanzu haka da nake rubutu, ina jin numfashinsa!

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri, gaisuwar ta sake zuwa a baya. Muna lafiya.

Ga yadda aka yi. Na kai takardarki ƙarƙashin gada ranar Lahadi na karanta wa Kaneng, ta yi kuka a kan tukunya. Bernard ya tambayi abin da ya faru. Choji ya yi masa bayanin al'adarmu, cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wannan kuwa ta kira. Tsohon ya ce shi uwarsa ta rasu bai je ba, saboda kunyar a gan shi haka. Ya ce, "Ku masu gida ba za ku same shi ba. Mu ne muka san inda ake kwana. Ku ba mu maganar, mu kai."

Sai ga ni, ɗalibin ajin yamma, na zama malami a ƙarƙashin gada. Na jera su ina biya musu: "Uwaisu, Hansai ta kira sunanka." Su maimaita, in gyara. Da kin ji yadda suke murɗe sunanki da kin yi dariya har gwiwarki ta warke. Kaneng ta ce wanda bai iya ba ba ƙari. Nan da nan kowa ya iya. Suka watsu da ita, wannan ya koya wa wancan, daga gada zuwa gada, daga layin miya zuwa layin shayi. Duk baƙin saurayin da suka gani sai su faɗa masa. Choji ya ce wani ɗan Ghana ya kusa marin ɗayansu.

Wata mata ce ta same shi, sunanta Juliana, tana kwana a bakin kogi wajen Waterloo. Ta ce yana zaune a bayan wani shago yana tari. Ta tsaya a kansa ta faɗi kalmomin, ba ta ma san ma'anarsu ba. Ta ce ya ɗago kamar an watsa masa ruwa, ya sa ta maimaita har sau uku.

Da labari ya zo mana, Kaneng ta ce, "Baba, ranar Lahadi ka ajiye babbar rigar nan a gida." Ta ba ni tsohuwar kwat ɗin Choji da hular ulu, ta damƙa mini ludayi. Na raba miya har layi ya ƙare. Muna shirin rufe tukunya sai ga shi ya tsallako titi, kansa a ƙasa, yana jan ƙafa. Hansai, ba zan ɓoye miki ba, ya rame ƙwarai. Ya miƙo kwano bai dubi mai zubawa ba. Na zuba masa. Na ce, "Ci tukuna, ɗana, magana tana jira."

Ya ɗago ya gan ni. Na ga ƙafarsa tana son gudu. Bernard ya matso ya tsaya a bayansa, bai taɓa shi ba, ya tsaya dai kawai.

Ya ce, "Baba, da gaske ne? Ko dabara ce?"

Na ce, "Dabarata ai ka ga inda ta kai mu." Na zaro takardar na karanta masa.

Ya ce, "Da bakinta ta faɗa?"

Na ce, "Ga shaidar Sakinatu a ƙasa, har da ruwan da ta sha."

Ya durƙusa a wurin da kwanon a hannu. Sauran ba sai na rubuta ba, ni ma ban ga komai sosai ba.

Bernard ya cire gwadon zai lulluɓa masa. Na faɗa masa saƙonki, cewa kyauta ba ta komawa. Ya ce shi ba mayarwa yake ba, ajiya ya riƙe wa yaro. Uwaisu ya ce a'a, wai dararen da ya yi zazzaɓi tsohon nan ne ya raba kwalinsa biyu. Suka yi ta ja, har Kaneng ta raba gardama: Uwaisu ya yafa shi zuwa gida don ya ji ƙamshin uwarsa, Lahadi ya dawo wa mai shi. Haka aka yi, ya kuma dawo da shi da hannunsa.

Yanzu gaskiyar da ta rage. Ƙirjinsa ya kamu, Nata'ala yana ba shi magani, ya ce zai warke. Yatsun ƙafarsa biyu kuwa sanyi ya ci su, likitoci ba su tabbata za su tsira ba. Wannan a watannin da na kore shi ne ya faru. Kullum in na ga yana ɗingishi zuwa banɗaki na san rabona a ciki. Ya ce ya yafe, amma ni ban gama da kaina ba. Kuma duk ranar Lahadi mu mukan dawo ɗaki mai hita, Bernard da Juliana su koma kan kwali. Na roƙi Bernard ya biyo mu, ya yi dariya ya ce sarki ya riga ya ba shi gida, yana nuna gwado. Zinatu tana bin ofishin kansul, wato ƙaramar hukumarsu, ko za a sama masa ɗaki. In kina son gode musu, ki tara matan unguwa ku kafa masaƙa. Duk alhajin da zai zo sayayya da akwati wofi, a cika masa shi da gwado.

Batun karatu ba wanda ya tayar. Jiya ya gyara mana hitar falo da ta fara ƙara, ya kuma cinye malmala uku. Takwarana ya kama masa yatsa ya ƙi saki. Takardarsa tana cikin wannan ambulan, bai bar ni na gani ba.

Amma takarda ba ta isa ba, Hansai. Ki zo. Nata'ala ya ce zai aiko da tikiti, ke da Sakinatu, jirgi daga Kano kwana ɗaya ma ba ya yi. Kada ki ce gwiwa, zan goya ki a matattakala, ai aikin bawa ne, na karɓi sunan. Ki faɗa wa mutanen Bukuru duk mai hali ya zo. Ku zo ku ga takwarana da haƙorinsa na fari yana leƙowa. Ku zo ku ga tukunyar Kaneng, ku ga Turawa ƙarƙashin gada suna kiran sunanki da Hausa. Ki zo ki ga ɗanki zaune yana cin tuwo, ki kira shi da bakinki yana ji. Ku zo ku gani!

Taubashinki,
Maharazu